Gurbin Jan Biro

 

Da aka ce ni ke da filin wannan makon, sai na fara shirya rubutu a kan raba kalma da haɗe ta, don na ga shi ne ya fi ba sababbinmu wahala. Na kai rabi na ajiye. Akwai wani littafin rubutu mai falle sittin da ke ƙasan akwatina kusan shekara huɗu ke nan, kuma duk lokacin da na ɗauki biro da niyyar koya wa wani abu sai ya faɗo mini a rai. Yau dai na ce bari in sauke wannan kayan a gabanku, ko wani zai tsira daga kuskuren da na yi.

Ni ɗan Tsiga ne, a ƙaramar hukumar Bakori, kudancin Katsina. Wanda ya san Funtuwa da Malumfashi ya san irin ƙasarmu: masara, dawa, auduga da waken suya. A wurinmu, da zarar yaro namiji ya shiga babbar sakandare ya zama ƙarfin gida. Da damina, kafin ya sa kayan makaranta ya riga ya kai taki gona, in an tashi kuma fartanya na jiran sa. Ranar kasuwa rabin aji babu kowa. In ya dawo gida ba wanda zai tambaye shi me aka koya yau, abin da za a tambaya shi ne ko ya yanko wa dabbobi ciyawa. Ban ga laifin iyayenmu ba. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, da me zai auna abin da ake yi a ciki?

A shekarar 2015 ina aji ɗaya na babbar sakandare, wani abokina da ya girme ni da shekara biyu ya dawo daga Abuja da sabon babur da babbar waya. Tun daga ranar karatu ya fita daga raina. Na yanke shawara a zuciyata cewa da an gama girbin masara zan bi shi. Ban gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka malaminmu na Hausa ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya rubuta labarin ranar da ba zai manta da ita ba. Na rubuta ranar da babanmu ya sayar da sanmu na huɗa don ya biya kuɗin asibitin kakata. Da aka dawo da takardu, tawa duk ta yi ja da biro, a ƙasa kuma an rubuta: "Ka same ni gida ranar Alhamis bayan la'asar." Na kwana ina tunanin laifin da na yi.

Na same shi a ƙofar gida kan tabarma, rediyo a gefensa. Ya ce in zauna, ya ɗauki takardata ya fara karantawa a bayyane. Wannan ne karo na farko da na ji kalmomina a bakin wani babba. Da ya zo wani wuri sai ya tsaya.

"A nan ka yi mini rowa," in ji shi. "Ka ce ka ji baƙin ciki ƙwarai. Kowa ma yana iya faɗin haka. Bayan an tafi da san, me ka gani?"

Na yi shiru, can na ce, "Malam, igiyarsa ce na gani a jikin turke. Ta kwana uku ba wanda ya kwance ta."

Ya ce, "To ita za ka rubuta. Ka kawo mini Alhamis mai zuwa."

Ya shiga gida ya fito mini da Magana Jari Ce littafi na ɗaya, bangonsa ya daɗe da cirewa. Haka muka yi ta yi, Alhamis bayan Alhamis, har na gama sakandare. Bai taɓa ce mini kada in tafi Abuja ba, don bai ma san ina da niyyar ba. Abin da ya faru shi ne, kullum akwai aikin da zan kai ranar Alhamis, sai in ce bari in gama wannan tukuna. Kaka ta zo ta wuce, abokina ya koma shi kaɗai.

Kuɗi sau ɗaya ya taɓa ba ni, na motar zuwa Funtuwa ranar rajistar JAMB. Amma ya ba ni wasu ƙananan bayanai da babu wanda ya san su a gidanmu. Shi ya gaya mini cewa sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ake maganar gaba da sakandare, don haka kada son Hausa ya sa in yi wasa da Lissafi. Shi ya gaya mini cewa JAMB ta koma ta kwamfuta, in je Funtuwa in zauna gaban kwamfuta ko sau uku ne kafin ranar jarrabawa, kada hannuna ya fara rawa a kan abin da ban taɓa taɓawa ba. Shi ya ce in tabbata yadda aka rubuta sunana a takarda ɗaya haka yake a sauran. Shi ya sanar da ni cewa Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a nan Funtuwa, in ba a dace a karon farko ba. Ɗan ma'aikaci a Kaduna yana jin waɗannan abubuwa a bakin yayyensa ana cin tuwo. Ɗan manomi a Tsiga kuwa, in ba wani ya tsaya ya gaya masa ba, sai bayan an rufe rajista zai ji labari.

Malam yana yawan ba ni labarin Abubakar Imam. Ya ce in lura, lokacin gasar rubutun 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, Imam matashin malami ne a Katsina, shekarunsa ashirin da biyu. A gidansu yana da yaya, Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki. A wajen gida kuma ya samu Rupert East, wanda ya ga basirarsa, ya jawo shi Zariya, suka zauna a kan aikin da ya zama Magana Jari Ce, har daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Malam yakan ce, in har Imam ya buƙaci wanda zai zauna ya karanta abin da ya rubuta, ni da kai su wa?

Na samu shiga kwalejin fasaha a Katsina a 2019. A watan Maris na 2020 korona ta sa aka rufe makarantu, na dawo gida. A nan ne aka ba ni damar in biya bashin Malam, kuma a nan ne na gaza.

Akwai wani yaron maƙwabtanmu, shekarunsa sha biyar a lokacin. Ba zan faɗi sunansa ba, a nan zan kira shi Ƙanena, don haka na ɗauke shi. Ya ga ina yawan danna waya ni kaɗai a gindin darbejiya, ya tambaye ni ko hira nake da budurwa. Na ce labari nake rubutawa. Bayan kwana biyu sai ga shi da littafin rubutu a cikin riga, yana ta waige-waige kamar wanda ya yi sata. Labarin wani yaro ne da babansa ya daina zuwa gonarsu ta nesa saboda tsoron 'yan bindiga, shi kuma yaron yana saɗaɗawa a ɓoye ya je ya duba ta, yana kallon yadda ciyawa ke cinye kunyoyin da ya yi da hannunsa. Ƙa'idar rubutu babu, wasali a inda bai kamata ba, aya sai an yi shafi guda ba a gan ta ba. Amma labarin yana da rai. Na san gonar da yake nufi, kowa a unguwarmu ya san ta.

Na sayi jan biro, na zama Malam. Na ce masa daga yau ya riƙa jan layi da rula a gefen kowane shafi, ya bar mini fili kamar faɗin yatsa uku inda zan riƙa rubuta gyara. Muka riƙa haɗuwa duk Asabar har wata bakwai. Wata rana daɗin aikin ya kwashe ni, na dafa kafaɗarsa na ce, "Ba zan bar ka ba sai ka ga sunanka a bangon littafi." Malam bai taɓa yi mini irin wannan alkawarin ba. Shi iyakarsa ya ce sai Alhamis, kuma in na je zan same shi.

Aka buɗe makarantu na koma Katsina. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe yara maza fiye da 300. An sako su bayan kwana shida, amma tsoron bai koma daji tare da waɗanda suka kawo shi ba. Ƙanƙara ba nisa gare ta da mu ba. Iyaye suka fara cewa wace irin boko ce za a sayar da ran yaro a kanta. A wannan lokacin ne Ƙanena ya fi buƙatar wanda zai zauna da shi, ni kuwa a lokacin ne na shiga ƙungiyar marubuta, na fara sakin labarai a Facebook, ina kwana ina ƙirga waɗanda suka yaba.

Shi ba shi da waya. Yakan je wurin mai cajin waya ya roƙa a ɗauki hoton shafukan da ya rubuta a turo mini ta WhatsApp. Da farko ina amsawa da gyara. Daga baya amsar ta koma "Zan duba in sha Allah." Daga baya kuma ta koma hoton babban yatsa kawai. Da na zo hutun Sallah muka gaisa a hanya, na ce ya kawo littafin gobe. Washegari na tafi ɗaurin aure Malumfashi, daga can na wuce Katsina. An ce mini ya zo sau biyu.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro, har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a wani lungu na zuciyata na ji sauƙi. Hotunan shafuka sun daina shigowa, kuma yanzu ina da hujja. Wasiƙa a hannun direban mota tana zuwa Tsiga a yini guda, na sani sarai, ban rubuta ba.

Na dawo gida a watan Disamba da difloma ta. Na tambayi Ƙanena, aka ce ai tun bayan girbi ya bi motar masara zuwa Legas. Saura shekara guda ya rubuta jarrabawar gama sakandare. Da yamma mahaifiyarsa ta aiko a kira ni, ta tsaya daga bayan ƙyauren zaure ta miƙo mini wani abu a leda, ta ce, "Ɗan nan, ga saƙonka. Ya ce in ka zo a ba ka."

Littafin ne. Jan birona ya tsaya a shafi na 19. Shi kuwa ya ci gaba da rubutu har shafi na 47. A kowane shafi ya ja layinsa da rula, ya bar mini faɗin yatsa uku a gefe, fari fat. Na juya har bangon baya ina neman wasiƙa ko gori, babu ko kalma ɗaya.

Kada wani ya zaci labarin zai ƙare da gawa ko da bindiga. Ƙanena yana nan lafiya. Yana dako a kasuwar Mile 12, yana aiko da kuɗi gida, har ya sa wa ɗakin mahaifiyarsa sabon kwano. Dako ba abin kunya ba ne, gumi ne na halal. Kuma gaskiya ita ce wataƙila ko ina nan zai tafi, domin gonar nan ta cikin labarinsa ita ce rabin abincin gidansu, jan biro kuwa ba ya sayen buhun taki. Abin da ke ci na shi ne, ya yanke shawara mafi girma a rayuwarsa ba tare da wani ya zauna sun yi lissafi tare ba. Ba wanda ya ce masa ya daure wata goma ya riƙe takardar a hannu sannan ya tafi. Ba wanda ya gaya masa cewa ko ya tafi akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu da mutum zai iya yi daga waje. Ni na san duk wannan, ina Katsina ina ƙirga yabo.

Da ya zo babbar Sallar bara na kai masa littafin, na cika duk guraben nan ashirin da takwas da gyara. Ya karɓa ya juya shafi biyu, ya yi dariya, ya miƙo mini. Ya ce, "Yaya, ai ka bar shi a wurinka. Wannan lokacin ƙuruciya ne." Babu fushi a muryarsa ko kaɗan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na riƙa karance-karance a kan yadda wasu ƙasashe ke riƙe samarinsu 'yan sakandare. A Amurka, inda yara maza baƙaƙen fata suka fi fuskantar kora daga makaranta da faɗawa hannun 'yan sanda, Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar da shirin My Brother's Keeper a watan Fabrairun 2014. A birnin Chicago akwai wani mai suna Becoming a Man, inda ake zaunar da samari a da'ira sau ɗaya a mako cikin makaranta tare da babba guda, su yi maganar fushi da gaskiya da riƙon amana. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken da Jean Grossman da Jean Rhodes suka fitar a 2002 a kan ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, wadda ke haɗa yaro da babban da zai riƙa kula da shi. Sun gano cewa yaran da aka riƙe shekara guda ko fiye su suka fi amfana. Waɗanda kuwa aka saki kafin wata uku, sun koma ƙasa da inda aka same su wajen yarda da kansu da yarda da cewa za su iya karatu. Wato ɗaukar yaro a sake shi a tsakiyar hanya yana da tasa illar. Na karanta wannan na ajiye waya, don ban buƙaci Bature ya gaya mini ba, shaidar tana cikin akwatina.

Matsalarsu ta launin fata ce, tamu ta talauci da tsaro ce, amma shekarun ɗaya ne, daga sha huɗu zuwa sha takwas. A jiharmu akwai shirin AGILE na 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafawa, a Zariya kuma akwai cibiyar ilimin 'ya'ya mata da ke haɗa yara da manyan mata masu yi musu jagora. Wannan alheri ne, kuma bai ma isa ba. Sai dai in aka zo kan yaro namiji, abin da muke cewa shi ne namiji ne, zai nemi kansa. To yana nema, kuma akwai masu jiran sa. Mai sayar da ƙwaya yana jiran sa. Ɗan siyasar da ke buƙatar ƙauraye yana jiran sa. Na cikin daji masu neman wanda zai gaya musu gidan wa aka sayar da masara, su ma suna jira. A garin da aka shigo har gida aka ɗauki Janar Maharazu Tsiga, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, a watan Fabrairun 2025, ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba. Waɗannan mutane ba sa ce wa yaro "zan duba." Ranar da ya zo, ranar suke amsa masa.

Kuma abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaron tela yana da ubangida, yaron makanike yana da oga, ƙolo a tsangaya yana da gardin da ke biya masa allo. Ɗan sakandaren gwamnati ne kawai muka bari ba shi da kowa, a ajin da malami ɗaya ba zai iya riƙe sunayen kowa ba.

Tun 2023 mu huɗu muke zama da wasu yara duk Asabar bayan la'asar, a zauren wani dattijo kusa da masallaci. Mun fara da sha ɗaya, uku sun daina zuwa. Biyu sun yi JAMB, ɗaya ya samu gurbi, ɗaya zai sake. Ba mu da suna, ba mu da kwamiti, ba mu da hoton da muke sakawa. Abin da muka koya kaɗan ne. Kafin ka ɗauki yaro ka je ka durƙusa gaban mahaifinsa ka nemi izini, kuma ku zauna a fili inda kowa ke ganin ku. Kada ka fara da wa'azi, ya ji shi a gida, ya ji a masallaci, ya ji a makaranta. Ka ba shi ya karanta abin da ya rubuta da bakinsa, kai ka saurara har ya kai aya. Ka riƙe ranakun rajista a kanka, ka tabbata yana da lambar NIN tun da wuri, don tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Kada ka yi alkawarin kuɗi ko waya ko suna a bangon littafi. Ka ce masa sai Asabar, kuma Asabar ta same ka a wurin. In tafiya ta kama ka, ka riƙe hannunsa ka kai shi wurin wani, ka gaya masa gaskiya a gabansa.

Roƙona gare ku 'yan'uwa shi ne wannan. Yawancinmu a nan muna neman wanda zai duba mana rubutu, muna ƙorafin manyan marubuta ba sa amsa saƙo. Gaskiya ne, wasu ba sa amsawa. Amma a layinku akwai yaron da kai ne babban marubucin da ya sani. Ka ɗauki ɗaya, ba goma ba. 'Yan'uwa mata, ƙannenku na gida ma sun isa, maza da mata. In ka san ba za ka iya shekara guda ba, ka bari sai ka shirya, alkawari kaya ne.

Malam ya yi ritaya yanzu, idonsa ya yi rauni. Kwanakin baya na je gaishe shi, na kwashe labarin nan duka na gaya masa, har da maganar binciken Amurka da zaurenmu na Asabar. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Shi yaron, ka ba shi haƙuri?" Na ce na dai gyara masa littafin. Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

A daren na kira Ƙanena. Hayaniyar kasuwa ta sa sai da na maimaita sau biyu kafin ya ji. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba komai Yaya, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Kafin ya kashe ya tambaye ni nawa ake yin rajistar jarrabawar nan ta waje. Na ce zan bincika in kira shi ranar Asabar, kuma na kira.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya shirya mana ƙannenmu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. In an ga kuskure a rubutun nan a gyara mini, ni ma na bar gurbi.